Wayar da ta rage megafiksel: cacar da HTC ya yi kan hoton dare a 2013

Ranar 19 ga Fabrairun 2013, a taruka biyu da aka yi a Landan da New York, kamfanin HTC na Taiwan ya fito da babbar wayarsa ta shekarar, HTC One. Jikinta na alminiyam ne, tana da lasifika biyu a gaba, fuskarta inci 4.7 ce mai kaifi sosai. Duk wannan ya burge, amma abin da ya sa 'yan jarida suka sake duba takardar bayanin don tabbatar da ba kuskuren bugu ba ne shi ne kyamararta: megafiksel 4, wato ɗigon hoto miliyan huɗu. Wayar da HTC ya fitar a shekarar da ta gabata, One X, megafiksel 8 ce. Sony ya riga ya kai 13 a Xperia Z. Bayan makonni uku da 'yan kwanaki, ranar 14 ga Maris, Samsung ya bayyana Galaxy S4, ita ma da 13. A kasuwar da kowa ke ƙara lamba duk shekara, HTC ya raba tasa biyu da gangan, ya kuma buga ƙirji a kan haka.

Hujjar da shugaban kamfanin na lokacin, Peter Chou, da mutanensa suka kawo mai sauƙin fahimta ce. Sensar kyamara, wato farantin da haske ke sauka a kai, an yanka shi ƙananan gidaje, kowane gida fiksel ɗaya. In ka cusa gidaje miliyan 13 a faranti ɗan ƙarami, dole kowanne ya tsuke. Fiksel ɗin Galaxy S4 faɗinsa maikiron 1.12 ne, kuma maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. HTC ya yi nasa maikiron 2.0, ya raɗa masa suna UltraPixel, ya ce kowane ɗaya yana kama hasken da ya ninka na abokan gasa kusan sau uku. Sakamakon da aka yi alkawari shi ne hoto mai tsabta a ɗaki mai duhu, a gidan cin abinci, a titi bayan magariba, wato wuraren da kyamarar waya ta saba kunyata mai ita.

Lissafin sau ukun nan gaskiya ne. Ka ninka 2.0 da kanta ka samu 4, ka ninka 1.12 da kanta ka samu kusan 1.25, ka raba, amsar ta ɗan haura uku. Matsalar tana cikin abin da tallar ta bari mai sauraro ya ƙarasa da kansa, cewa hoton gaba ɗaya ma zai samu haske ninki uku.

Daga ina yashin hoton dare yake fitowa

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoto a wurin biki bayan an ɗauke wuta ya san abin: fuskoki su fito yashi-yashi, bango ya cika da ɗigo-ɗigon ja da kore da babu su a zahiri. Mutane da dama suna ɗauka ƙazantar na'ura ce, kamar wata ƙura da kyamara mai tsada ba ta da ita. Mafi yawan wannan yashin a jikin hasken kansa yake.

Haske ba ya zuwa a miƙe kamar zare. Ƙwaya-ƙwaya yake sauka, ana kiran kowace ƙwaya foton, kuma saukarsu ba ta bin layi. A ce ana yayyafi, ka jera kwanuka masu girma ɗaya a tsakar gida na ɗan lokaci kaɗan. Wani zai samu ɗigo tara, wani goma sha biyu, wani bakwai, alhali sama ɗaya ce ke zubowa. In ruwan ya kece da ƙarfi ko ka bar su suka daɗe, duk za su cika kusan daidai, bambancin ya zama ba a ganinsa. Haka fiksel suke. Bangon da launinsa ɗaya ne tak, a cikin duhu kowane fiksel adadin da ya samu daban ne da na maƙwabcinsa, kuma wannan saɓanin ne ido ke gani a matsayin yashi.

Akwai ƙa'idar da ke auna shi. Girman saɓanin ya yi daidai da lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka jimillar foton ɗin. Fiksel da ya kama 25, saɓaninsa wajen 5 ne, wato kashi 20 cikin ɗari. Wanda ya kama 100, saɓaninsa 10 ne, kashi 10 cikin ɗari. Wanda ya kama 10,000 da rana tsaka, saɓaninsa 100 ne, kashi ɗaya kacal cikin ɗari. Shi ya sa waya mai araha ma kan fitar da hoto mai kyau da hantsi. Haka kuma, don ka rage yashi da rabi sai ka ninka haske sau huɗu.

To a nan ne maganar HTC ta fara lanƙwasa. Koma kan kwanukan. In ka ɗauke ƙananan guda huɗu ka ajiye baho ɗaya da ya rufe daidai filin da suka rufe, bahon zai tara 100, su kuma kowannensu 25. Bahon ya fi kowane kwano, babu musu. Amma juye kwanukan huɗu wuri guda, 100 ɗin ce dai, kuma saɓanin 10 ɗin ne dai. Yawan ruwan da aka tara ya dogara da faɗin ƙasar da aka rufe da tsawon lokacin da aka jira. Yadda aka yanka filin bai ƙara ɗigo ko ɗaya ba.

Sai mu auna filin. Hoton HTC One fiksel 2688 ne a kwance, 1520 a tsaye. In aka ninka da maikiron 2.0, farantin ya kai kusan milimita 5.4 da 3.0, wato murabba'in milimita 16 da ɗan ɗoriya. Na Galaxy S4 fiksel 4128 ne da 3096, a maikiron 1.12, wato kusan milimita 4.6 da 3.5. Shi ma murabba'in milimita 16 ne. Faranti biyun kusan girmansu ɗaya, dukkansu a ajin da ake rubutawa 1/3 na inci. HTC bai faɗaɗa fili ba, ya dai rage yawan katangun da ke cikinsa.

Abin da babban fiksel ke bayarwa da gaske

Kada a ɗauka cewa komai na tallar iska ne. Akwai wani yashi na biyu wanda shi kam na na'ura ne. Duk lokacin da aka karanta abin da fiksel ya tara aka mayar da shi lamba, da'irar lantarkin kan ƙara ɗan kuskurenta. Da rana wannan kuskure ba komai ba ne. A duhu sosai, inda fiksel bai samu sai 'yan ƙwayoyi ba, yana iya yin kafaɗa da kafaɗa da hoton kansa. Karanta fiksel huɗu na nufin ɗaukar kuskuren sau huɗu, kuma in aka haɗa su ya kan ninka na karatu ɗaya sau biyu. A wannan gaɓa babban fiksel yana da riba ta haƙiƙa. Ga kuma iyakokin da ke tsakanin gidajen, waɗanda ke cin wani ɓangare na filin, da hasken da kan tsallaka daga wani fiksel ya faɗa na kusa da shi ya gurɓata launi. A fasahar 2013, waɗannan matsaloli sun fi damun ƙananan fiksel.

Sai dai wannan riba ta 'yan kashi ce, ba ta ninki uku ba, kuma lokaci yana cinye ta. A watan Satumban wannan shekarar Samsung ya sanar da fasahar ISOCELL, wadda ke gina shinge tsakanin fiksel don hana haske tsallakawa, ya kuma sa ta a Galaxy S5 a 2014. Masu ƙera sensa sun ci gaba da rage kuskuren karatu shekara bayan shekara. HTC ya gina dabararsa kan raunin da abokan gasarsa ke kan gyarawa.

Duk da haka HTC One ta kan fitar da hoton dare da ya fi na Galaxy S4 haske, kuma masu gwaji da yawa sun shaida haka. A ganina yabon ya tafi inda bai kamata ba. Buɗewar idon kyamararta f/2.0 ce, ta S4 kuma f/2.2 (duk lokacin da lambar ta ragu, idon ya fi buɗewa), kuma wannan kaɗai ya ba ta ƙarin haske kusan kashi 20 cikin ɗari. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne na'urar hana rawar hannu, OIS, wadda ke motsa gilashin ido don ya bi girgizar hannun mai ɗauka. S4 ba ta da ita. Da OIS waya za ta iya barin ido a buɗe na tsawon lokaci ba tare da hoton ya jirkice ba, kuma ninka lokaci sau biyu ninka haske ne sau biyu. Waɗannan abubuwa biyu su ne suka ƙara ruwan da aka tara, amma sunan da aka liƙa a allunan talla UltraPixel ne.

Akwai kuma wata hanyar gwaji da ta daɗe tana ruɗar mutane, ba a kan wannan waya kaɗai ba. Mai gwaji ya buɗe hotuna biyu a kwamfuta, ya zuƙo kowanne har fiksel ɗaya na hoto ya hau fiksel ɗaya na allo, sannan ya kwatanta. Ta haka hoton megafiksel 13 ya samu zuƙowa da ta fi ta mai 4 da fiye da rabi, don haka dole yashinsa ya fi fitowa. Adalci shi ne a mayar da su girma ɗaya, kamar yadda za a gan su a fuskar waya ko a takarda. In aka rage hoton S4 zuwa girman na HTC, yawancin tazarar kan ɓace.

Kuɗin da aka biya da rana

Abin da aka sadaukar kuwa babu hanyar dawo da shi. Mai hoto na megafiksel 13 yana da zaɓi: ya rage shi ya samu tsabta, ko ya bar shi ya samu bayanai dalla-dalla. Mai megafiksel 4 zaɓi ɗaya gare shi. HTC ya ce yawancin mutane a Facebook da fuskar waya suke kallon hotunansu, kuma fuskar wayar kanta, 1920 da 1080, megafiksel biyu ce da ɗan kai. Wannan gaskiya ne muddin ba ka taɓa hoton ba. Amma mutane suna taɓawa. Suna sa yatsu biyu su buɗa don su ga fuskar wanda ke can baya, suna yanke gefe, suna ɗaukar takarda ko allon aji don su karanta daga baya. A nan hoton HTC One kan watse nan da nan. Ganyen bishiya da ciyawa da rubutu mai nisa duk sukan narke.

Abin ya fi lambar muni ma, saboda yadda sensa ke ganin launi. Kowane fiksel launi ɗaya yake gani ta cikin matatar da ke kansa, bisa tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya samu haƙƙin mallakarsa a 1976: rabi kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi. Sauran launukan manhaja ce ke ƙiyasta su daga maƙwabta. Sensa mai miliyan huɗu ke nan jajayen fiksel miliyan ɗaya kawai gare ta. In fiksel sun yi yawa, kuskuren ƙiyasin kan ɓuya. In sun yi kaɗan, yakan fito a gefen layuka da kan yadi mai zane-zane.

Ƙarancin fiksel ya ba HTC sauri, wannan kam a yaba. Da shi aka yi Zoe, wanda ke ɗaukar hotuna ashirin da bidiyon daƙiƙa uku a latsawa ɗaya. Amma shi ɗin dai ya rufe wata ƙofa: bidiyon 4K yana buƙatar fiksel 3840 da 2160, sama da miliyan takwas. Galaxy Note 3 ta fara ɗaukarsa kafin 2013 ta ƙare, kuma sensar HTC ba ta da adadin da za ta ko gwada.

Sai kuma rashin sa'a ta biyo baya. Ƙarancin kayan kyamarar ya jinkirta fitar wayar a kasuwanni da dama, har ta rasa makonnin da za ta yi ita kaɗai kafin S4 ta iso. Daga baya masu ita da yawa suka riƙa kukan cewa hotunan da suka ɗauka a duhu suna rinewa da launin shunayya, har kamfanin ya amsa cewa matsalar tana nan. Ga wayar da aka sayar da sunan gwanar dare, babu inda aibi zai fi ciwo kamar nan. Samsung ya sayar da S4 miliyan goma cikin wata guda. HTC kuwa a rubu'i na uku na 2013 ya bayyana asararsa ta farko tun da ya shiga kasuwar hannun jari a 2002, kusan dala miliyan 100. Ba daidai ba ne a ɗora wa kyamara wannan duka, domin kuɗin tallar Samsung ya ninka na HTC nesa ba kusa ba, kuma HTC One da kanta ta ci kyautar wayar da ta fi kowacce a babban taron wayoyin hannu na Barcelona na 2014. Sai dai mai shago da ke da minti ɗaya ya shawo kan mai saye ba zai tsaya bayanin maikiron ba. Goma sha uku ta fi huɗu, ciniki ya ƙare.

Wasu biyu da suka amsa tambayar daban

A daidai wannan lokaci Nokia ya bi hanyar da ta yi hannun riga da ta HTC. A Fabrairun 2012 ya nuna 808 PureView mai megafiksel 41, lambar da mutane suka fara ɗauka wasa ce. Injiniyoyinsa, irin su Juha Alakarhu da Eero Salmelin, ba su yi nufin kowa ya riƙa ajiye hoto mai wannan girma ba. Wayar kan haɗa kusan fiksel bakwai ta fitar da ɗaya, ta ba ka hoton megafiksel 5 mai tsabta, in kuma ka zuƙo sai ta yi amfani da rarar fiksel ɗin a maimakon ta shimfiɗa hoton. Sirrin yana cikin girman farantin, kusan murabba'in milimita 80, wato ninki biyar na wanda HTC ya zo da shi bayan shekara guda. Lumia 1020 da ta biyo baya a Yulin 2013 fiksel ɗinta maikiron 1.12 ne, daidai da na Galaxy S4, irin wanda tallar HTC ke kushewa. Amma filinta ya ninka na HTC sama da sau uku, ga OIS, ga filasha mai ƙarfi ta zenon. Ita ma ta biya nata farashin: ƙusumbi a bayanta, jiran daƙiƙoƙi tsakanin hoto da hoto, da manhajar Windows Phone da kasuwa ba ta karɓa ba. A kan hoto dai, ta nuna cewa ƙananan fiksel a babban fili sun fi manyan fiksel a ƙaramin fili, dare da rana.

Apple ya yi nasa a hankali. A Satumban 2013 iPhone 5s ta tsaya a megafiksel 8 kamar wadda ta gabace ta, fiksel ya tashi daga maikiron 1.4 zuwa 1.5, aka kuma yi tallar manyan fiksel kamar yadda HTC ya yi. Bambancin shi ne Apple ya samu girman ne ta hanyar faɗaɗa farantin da kashi 15 cikin ɗari. Filinsa ya kai kusan murabba'in milimita 18. Wato iPhone 5s ta fi HTC One filin tarar haske, kuma ta ninka ta yawan fiksel.

Ja da baya

HTC bai saduda nan take ba. One M8 ta 2014 ta riƙe megafiksel 4, ta ƙara ido na biyu mai auna nisa don a dusashe bayan hoto, sannan aka cire OIS. Wannan shawarar ita ce ta fi ba ni mamaki a duk labarin, domin an jefar da abin da ke yin aikin an riƙe abin da ke ɗauke da sunan. A Maris 2015 One M9 ta zo da megafiksel 20 a baya, aka mayar da UltraPixel kyamarar gaba ta ɗaukar kai, inda gaskiya ta fi dacewa tun da fuska ce a kusa kuma sau da yawa a cikin ɗaki. Kyamarar bayan M9 ba ta da OIS, kuma ta sha suka musamman a kan hoton dare. A watan ne Cher Wang ta karɓi shugabancin kamfanin daga Peter Chou.

Sai a 2016, da HTC 10, aka dace: megafiksel 12, fiksel maikiron 1.55, ido f/1.8, OIS ta dawo. An kira shi UltraPixel 2, amma fiksel ɗin ya fi na 2013 ƙanƙanta. Abin da ya girma shi ne farantin, wanda ya kai kusan murabba'in milimita 29. A shekarar Samsung ma ya sauko daga 16 zuwa 12 a Galaxy S7, da fiksel maikiron 1.4 da ido f/1.7. Kenan ƙorafin HTC na asali, cewa tseren lamba ya wuce hankali, ya samu karɓuwa har a gidan babban abokin hamayyarsa. Inda aka tsaya dai 12 ne, ba 4 ba.

Babban tsallen hoton dare bai zo daga sensa ba ma. Google ya lura cewa in ba za a iya faɗaɗa fili a cikin siririyar waya ba, ana iya tsawaita lokaci ta wata hanya: a ɗauki gajerun hotuna da yawa a jere, manhaja ta daidaita su ta haɗa su. Da wannan aka yi HDR+, sannan a Nuwamban 2018 tawagar Marc Levoy ta fitar da Night Sight a wayoyin Pixel, wanda kan haɗa hotuna har goma sha biyar. Bisa ƙa'idar da muka gani, haske ninki goma sha biyar yana rage yashi kusan sau huɗu, abin da babu girman fiksel da zai bayar a faranti ɗaya. Wayar Pixel ta farko, ta 2016, HTC ne ya ƙera ta, kuma a Satumban 2017 Google ya amince ya biya dala biliyan 1.1 ya ɗauki ma'aikatan HTC kusan dubu biyu. Dabarar tana da iyakarta: tana son abin da ke tsaye. Gini da titi sukan fito tas, amma yaron da ke gudu ko masu rawa a filin biki sukan fito da inuwa biyu ko fuska a shafe, domin a kansu ba a iya haɗa hotuna da yawa.

Abin da ke kan teburin mai shago yau

Lambobin sun sake tashi, har sun wuce inda kowa ya zata. Sony ya fitar da sensa mai megafiksel 48 a 2018, Samsung ya kai 108 a 2019, sannan 200. Mai shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano zai ga waɗannan lambobi da manyan baƙaƙe a kwalayen Tecno da Infinix da Redmi da Samsung. Amma yawancin waɗannan sensa dabarar Nokia suke bi a sabon salo. Ana sa fiksel huɗu, ko tara, ko goma sha shida a ƙarƙashin matatar launi ɗaya, a haɗa su a fitar da hoton megafiksel 12 ko kusa da haka. Galaxy S23 Ultra ta 2023 fiksel ɗinta maikiron 0.6 ne, in ta haɗa goma sha shida sai su zama kamar ɗaya mai maikiron 2.4, wanda ya fi UltraPixel girma, a farantin da ya ninka na HTC One sama da sau huɗu. Mai ita yana iya kunna cikakkiyar 200 ɗin da rana, ko da yake bayanan da zai samu ba za su kai abin da lambar ke nunawa ba, tun da matatar launin ba ta kai wannan yawan ba.

Wannan ya shafe mu ta wata fuska da ba a cika faɗa ba. Fata mai duhu tana mayar da haske kaɗan idan aka kwatanta da fara, don haka a ɗaki ɗaya, ƙarƙashin ƙwan fitila ɗaya, fuskar baƙin mutum tana aika wa sensa foton kaɗan, yashi kuma ya fi taruwa a kanta. Manhajar da ke goge yashin, in ta matsa, sai ta shafe fatar ta zama kamar an yi mata fenti. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, ya yi suna a Afirka da daidaita kyamarorinsa don baƙar fata, kuma daidaita haske da launi yana taimakawa ƙwarai. Sai dai manhaja ba ta ƙirƙiro hasken da bai shigo ba.

Lambar da ke faɗin girman fili tana nan a takardar bayanin waya, ga mai son dubawa, a rubuce kamar 1/2.76 ko 1/1.3 na inci. Ba ainihin awon inci ba ne, gado ne daga zamanin kyamarorin talabijin masu bututu, amma ƙa'idar karanta ta ɗaya ce: duk lokacin da lambar ƙasa ta ragu, farantin ya girma. Kamfani ɗaya, Samsung, ya fitar da sensa biyu a 2021 da dukkansu ake rubuta wa megafiksel 50. Ɗaya ita ce GN2, 1/1.12, fiksel maikiron 1.4, wadda aka sa a Xiaomi Mi 11 Ultra, filinta ya kusa murabba'in milimita 100. Ɗayar ita ce JN1, 1/2.76, fiksel maikiron 0.64, wadda ta cika wayoyi masu sauƙin kuɗi, filinta kusan 20. A lokaci ɗaya da buɗewar ido ɗaya, ta farkon tana tara hasken da ya ninka na ta biyun kusan sau biyar, kuma a kwali duka biyun 50 aka rubuta.